Koriyar Ƙofa a Benis

Da hantsi muka sauka daga jirgin ƙasa,
ni da Tullio da yara biyu,
da mahaifiyata Ottavia tana dogara sanda.
Gari ne da titinsa ruwa,
motarsa kwale-kwale,
ko gawa sai an tuƙa ta zuwa maƙabarta.

Nives na ƙirga gadoji,
a ta sha bakwai lissafi ya kwance mata.
Ƙaninta ya toshe hanci, wai ruwan na wari.
Inna ta ce, "Yi shiru, warin gida ne."

Matuƙi ya sunkuya a ƙarƙashin gada,
muka sunkuya da shi
kamar masu gaida surukai.

Can cikin wani lungu ta ɗaga sanda.
Koriyar ƙofa, gansakuka ta ci matakala uku.
"Nan na yi rarrafe.
Daren da ruwa ya shigo, kan tebur muka kwana."

Yau baƙin haya ne a ciki.
Wata ta leƙo ta taga, ta saita mu da waya,
ta samu 'yan yawon buɗe ido.
Inna ta gyara gyalenta,
ta miƙe zaune sosai
don kada hoton ya ɓaci.