Mai Ƙaho Huɗu

Gidanmu a Sheffield tsohon bulo ne,
siriri, hawa uku, kamar an tsayar da kwalin ashana.
Maginansa ba su san da zuwan intanet ba.
Don sanyi suka yi bangon, kuma sanyin ma yana shiga.

Can ƙuryar sama, ƙarƙashin rufi, Rumasa'u take,
shekara sha huɗu, kunne a toshe, yatsu na rawa.
Tana gab da zura ƙwallo sai ɗan wasanta ya sandare,
ƙafa ɗaya a sama, zalɓe a bakin fadama.
Kafin ya farfaɗo an ci ta biyu.
"Baba!"
Ihun ya gangaro matakala talatin da ɗaya
ya iske ni a kicin ina fama da tawa:
fuskar Yaya Barau daga Gumel ta tsaya cak a waya,
baki buɗe, rabin gaisuwa ya iso, rabi ya faɗa teku.

Ran Asabar muka hau bas cikin yayyafi.

A kanti ga rautoci jere a kan katako
kamar raguna ana jibi Sallah:
mai ƙaho biyu, mai huɗu, mai takwas.
Wata baƙa ta baje ƙafafu sama,
gizo-gizon da ya faɗi rigingine, tana ƙifta jan ido.
Fam ɗari huɗu ba ashirin.
Na ɗaga ta na jinjina, yadda mahaifina ke jinjina rago.
Ba nauyi. To me zan duba?
Ba haƙori, ba kitse a gindin wutsiya.

Rumasa'u na karanto min lambobi daga jikin kwali,
mega kaza, zango uku, daƙiƙa an raba ta dubu,
ni kuwa ina lissafin dare nawa zan tuƙa motar asibiti
kafin in fanshi gizo.

Yaron kantin, Declan, mai zobe a gira,
bai yabi hajarsa ba. Tambaya ya yi ta jerowa.
Bangonku bulo ne ko katako? Ku nawa ne a gidan?
Layin da kuke biya, nawa yake kawowa?
Na juya maganar a raina yadda zan gane:
ko randar ta kai ɗaki, abin da famfo ya zubo shi za ka sha.
Sai ya ce, tsohuwar fa, a ina take zaune?

Na yi shiru. Rumasa'u ta dube ni.

Ƙarƙashin matakala take, bayan buhun shinkafa,
tsakanin injin shara da jarkar manja,
inda ni da hannuna na tura ta shekara uku da suka wuce
don wayoyinta sun ɓata min falo.

Muka ɗauki mai ƙaho huɗu, fam ɗari da goma,
da shuɗin kebul, mita talatin.
Lahadi na wuni a durƙushe ina cusa shi gefen kafet,
mataki bayan mataki, gwiwa na ƙara,
Uwani na haska min tocila tana cewa
ko ranar da muka tare ban yi wannan gumi ba.

Yanzu tana hawa na tsakiya, a sarari, kan teburinta,
ƙahoni a miƙe, an ba baƙuwa wurin zama.
Daren jiya Yaya Barau ya yi minti arba'in bai sandare ba.
Na ji labarin rijiya, na ji rikicin iyakar gona,
na ji har da bashin da na so a ce sabis ya haɗiye.

Sama kuwa tsit. Na hau.
An ci ta uku da nema, kuma ba wanda ya daskare.
Ta dubi allo, ta dubi shuɗin kebul,
ta rasa wanda za ta kama da laifi.
Sai ta matsa, ta miƙo min abin dannawa.
"Zauna, Baba. Kai ne mai jar riga.
A'a, tsaya,
waccan ragar taka ce."