Ruwa Ya Kai Gwiwa

Damina a Jakarta ba ta yin sallama.
Kogin Ciliwung ya taso da tsakar dare,
ya shigo unguwa kamar mai bin bashi.
Mu 'yan acaɓa muna fake ƙarƙashin gada,
kowa da waya cikin leda, babban yatsa na aiki:
nan ya kai idon sawu,
nan gwiwa,
bayan shagon Tukiran ya kai ƙugu, kada a bi.
Ɗigo bayan ɗigo, taswira ta yi shuɗi.
Wani ya rubuta cewa ƙaramar gada ta nutse,
shi ya hana babur ɗina shan ruwa.
Har gobe ina sa masa albarka,
ko sunansa ban sani ba.

Ruwa ya janye.
Wayar ba ta janye ba.

Ta san inda nake karyawa, da kwanon shinkafa nawa,
ta san lungun da nake satar barcin azahar.
Ta san ranar Laraba, ƙarfe bakwai,
nakan kashe injin a ƙofar asibitin ƙoda,
in yi awa huɗu ban motsa ba.
Matata Sumarni ba ta sani ba.
Na ce mata layin gareji ne ke da tsawo.

Sun ce ba sa riƙe suna, ɗigo kawai.
To ɗigon da ke kwana a gida mai lamba sha tara,
ya tashi da asuba ya bi hanyata,
wa zai zama in ba Darmaji ba?

Da farko talla ce ta zo, maganin wanke jini.
Sai masu ba da rance suka ce a dakata tukuna,
babu dalili, na'ura ce ta ce.
Rannan Sekar ta ari wayar za ta yi aikin makaranta,
ta daɗe shiru.
Ta ce, Baba, me ya sa suke ta nuna maka asibiti?
Na ce shirmen waya ne.
Ta miƙo mini ita da hannu biyu,
kamar abin da zai fashe.

Ni na ba su.
Ba wanda ya sa mini wuƙa a wuya,
rubutu ne dogo, ƙanana-ƙanana, ga ruwa na dukana,
na danna na yarda.
Zurfin ruwa na yi niyyar bayarwa,
suka haɗa har da zurfin cikina.

Daren jiya hadari ya sake haɗowa.
Na tsaya a mararraba, ruwa na lasar salansa.
Na san akwai wani a bayana,
wataƙila da goyon yara biyu,
yana kallon taswira, yana jiran wani ya yi magana.

Yatsana ya daɗe a sama.
Na tuna Laraba, na tuna idon Sekar.

Na rubuta: gwiwa.