Shirun da Na Rubuta

Ban zauna a gaba ba.
Na laɓe can baya, kusa da mai gyaɗa,
takardar bikin ta jiƙe da gumin hannuna
har sunana ya fara narkewa.

Kujerun roba huɗu a dandalin gidan al'adu.
Barmu na goga ƙaro a izgar gogensa
kamar babu kowa a Damagaram sai shi.
Fanna da sarewa. Kyari ya rungume gurmi.
Ɗan Jimma ya kife ƙwarya a kan bargo,
ya juya zobbansa ciki.

Wata tara ina ɗinkin abin nan
a ɗan ɗakina na Birni, bayan majema,
inda wari ke riga haske shigowa.
Babu baiti a ciki, babu kirarin kowa.
Da na gaya wa yayata, sai ta ajiye ludayi:
"To wa zai yi maka liƙi?"

Layin famfo na rubuta,
ƙarfe uku na dare,
jarkoki a jere kamar masu jiran likita,
innata na gyangyaɗi a kan tata,
da tarin nan da bututu ke yi
kafin ya yanke: zai ba mu ko zai hana.
Ban faɗa wa kowa ba. A takarda
"Kiɗan mutum huɗu" kawai aka sa.

Goge ya ɗauka. Ya yi sauri.
Barmu, a hankali, ba gidan suna ba ne,
sau nawa muka bi wannan a zaure?
Sarewa ta makara da rabin numfashi,
na ciji leɓe har na ji gishiri.
Wayar wani ta yi kuka, ya amsa,
ya ce yana wurin wasa, ba abin kirki ba ne.
Hannuwana suna kaɗa abin da ba su riƙe ba.

Sai muka iso wurin.

A tsakiya na bar shiru, bugu goma sha ɗaya,
ba tsirkiya, ba iska, ba ƙwarya.
Na san za su tafa, su zaci an gama,
na riga na sunkuyar da kai.

Ɗaya. Biyu. Uku.
Jemagu a kan bedi.
Biyar.
Ba wanda ya tafa.
A na bakwai wata tsohuwa a gabana,
jikanta na barci a cinyarta,
ta ce, ba da kowa ba,
"Ku dakata. Yanzu zai zo."

Ban san ta ba.

Goma sha ɗaya ta yi, Ɗan Jimma bai motsa ba.
Sha biyu. Cikina ya ɗuri ruwa.
Sha uku,
sannan zobe ya taɓa ƙwarya:
ɗis.
Ɗis.
Gurmi ya biyo, sarewa ta kwararo,
saurin Barmu ya zama daidai.
Biyun nan ba nawa ba ne.
A Garin Malam ya tashi, can ƙarshen bututu,
ya fi ni sanin tsawon jira.

Tafin bai cika filin ba.
Kafin su sauka an fara jawo lasifikan masu jita.
Na nemi tsohuwar, kujerar ce kawai
da ɓawon gyaɗa.
Barmu ya karɓi kuɗin kabu-kabunsa, ya ƙirga,
ya ce, "Na ɗan yi gudu, ko?"
Na ce a'a.

A ƙafa na koma, ta tsakanin duwatsu,
suna ta amayar da zafin rana.
A bakin famfonmu an riga an jera.
Na gane ta yayata, mai murfin tsumma,
ta tara daga gaba.
Na zauna a kanta,
na ciro fensir, na buɗe shafi na shida,
na soke sha ɗaya.