Motoci Goma Sha Ɗaya

A bayan garinmu, can Nebraska,
inda titi ke gajiya da gidaje ya kutsa cikin masara,
babana Orval Tjaden ya kafa allo
mai tsayin bene hawa biyar.
Shi kaɗai ya shafe shi da farin fenti, igiya a ƙugu.
Aka ce, wa zai kalli fim daga cikin mota?
Daren farko layin ya kai gadar jirgin ƙasa.

Rana ce abokiyar gabarmu.
A watan Yuni ba ta san sallama ba,
sai tara ta gota take naɗe tabarmarta.
Yara da kayan barci na lilo a gindin allo,
iyaye na ciro lasifika daga turke
su rataya ta a gilashin taga.

Innata Lavonne ke yankan tikiti.
Ba ruwanta da fuskar direba, bayan mota take duba.
In ya sunkuya, ta san akwai samari uku a but.
Sai ta ƙwanƙwasa da zobenta:
"Ku fito ku sha iska. Amma gugguru dole ne."

Ni ina ɗakin majigi, a kan akwatin lemo,
zafi kamar bakin tanda.
Haske na fita ta 'yar taga, ya tsallake rufin motoci,
ƙwari na iyo a cikinsa
ba su san suna ratsa fuskar jaruma ba.
In fim ya tsinke, allo ya yi fari fat,
motoci ɗari uku su danna oda baki ɗaya.
Baba ba ya ko ɗaga kai.
Reza, gam, yatsu biyu. Ya ce mini, "Ƙirga."
Ban taɓa wuce arba'in ba.

Wata shekara guguwa ta gutsure kusurwar hagu.
Muka ƙare bazara jarumai ba hula,
ba wanda ya nemi a mayar masa da kuɗinsa.

Ba guguwa ta kashe mu ba.
Silimar cikin gari ta riga mu tafiya,
mai jan labule da fitilun ƙwai a goshi,
ta koma shagon katifa.
Gemun ɗan'uwa ya kama da wuta,
Baba ya shafa wa nasa ruwa, ya rage kuɗin shiga.
Amma kaset ya riga ya shiga kowane falo,
kuma mai filin ya gano waken suya ya fi mu riba.

Daren ƙarshe, motoci goma sha ɗaya.
Ya haska fim biyu, kamar kullum.
Delmar Vosika, da ya girma a but ɗin nan,
ya tafi da lasifika a jikin taga.
Ya ce mantuwa ce. Inna ba ta bi shi ba.

Turakun an tumɓuke su.
Allon na nan, tattabaru na haya a bayansa.

Gadona gwangwanin taba ne,
cike da guntayen fim da rezar Baba ta yanke.
Jiya na ɗaga ɗaya ga hasken taga:
wata mata, hannunta a kan ƙofa.
Shekara arba'in ke nan
ba ta buɗe ba.