Ruwa Bai San Shinge Ba

A Chengannur, daren Talata,
sama ta kwance bakin jakarta.
Tun magariba kwanon rufi ke kuka
kamar ana juye masa tsakuwa,
har agogon bango ya daina jin kansa.

Ouseph ya fito, tocila a baki,
zane naɗe zuwa gwiwa.
Shekara talatin da ɗaya yana hira da wannan ƙasa:
layin citta a gefen rijiya,
kurkum a bayan kicin,
kuɓewa bakwai, ya san halin kowace,
sai lemun tsamin da Thresia ta dasa
shekarar da ƙafarta ta fara kumbura.

Kogin Pamba bai yi sallama ba.
Ta magudana ya shigo, launin shayi mai madara,
ya lashi tubalin farko, ya haɗiye na biyu.
Kafin tsoho ya lalubo shebur
ruwa ya kai masa ƙugu.
Ayaba ta durƙusa da goyonta.
Bokitin taki ya wuce yana juyi,
takalmin hagu ya bi bayansa.
Ouseph ya rungume lemun tsamin
kamar mai jinya da ke tare majinyaci
kada ya faɗo daga gado.

Can sai shingen ya tafi.
Shingen gorar da suka kai juna kotu a kansa,
shi da Velayudhan, kan taku biyu na ƙasa,
damina tara ba gaisuwa.
Ya kwanta shiru, ruwa ya taka shi ya wuce.

"Kama igiya, mai taurin kai!"
Daga rufin maƙwabci muryar ta sauko.
Ya dubi bishiyar. Ya dubi igiyar.
Ya kama.

Da safe rana ta fito, ko kunya babu.
Laka ta shafe layuka kaf,
wani ɗan kifi na haki inda citta ta kwana jiya.
Tukunyar barkonon Velayudhan kuwa
ta zo ta zauna a gindin lemun tsami,
tsaye cak, ko ɗa ɗaya bai zube ba.

Su biyun suka tsaya, taɓo har ƙauri,
suna neman inda iyaka take.
Velayudhan ya nuna can.
Ouseph ya nuna nan,
sannan ya sauke hannu, ya share shi a zane.
"Bar barkonon a wurin," in ji shi,
"ai shi ya zaɓa."