Hannu Mai Gari

Zuwana na uku ke nan kantin nan na Tibilisi,
bayan na rufe tanderu, kafin fitilun titi su kama.
Yaron kantin, Gocha, ya riga ya haddace tarina.
Bai ɗago kai ba ya ce, "Baba Otar, tana nan inda ka bar ta."

Tana nan kuwa.
Allo ne kawai a kan ƙafa guda, siriri kamar faifai,
babu akwati a ƙarƙashin tebur, babu tulin igiyoyi.
Wai ƙwaƙwalwa da kayan ciki duk suna bayan gilashin,
ka dangwala yatsa, ta buɗe maka abin da kake nema.

Lari dubu biyu da ɗari huɗu.
Na juya kuɗin zuwa burodi, don da shi na iya lissafi:
sai na manna dubu biyu a bangon tanderu,
kai a cikin wuta, ƙugu a sama,
kafin in kira gilashin nan nawa.

Na tambaye shi, in lasifikarta ta mutu fa?
Ya ce sai a kawo ta dungurungum.
Ashe in haƙori ya yi ciwo
sai a kwantar da mutum ɗungum a asibiti.
Tsohuwar da ke gida ba haka take ba.
Sau biyu maƙwabcina Bidzina yana farke cikinta,
ya cire wani abu, ya sa wani,
ta tashi tana gurnani kamar injin niƙa.

Ita ce Eteri ta riƙa rubuta bashin unguwa a ciki
shekara goma sha ɗaya.
Haruffa huɗu sun goge a kan madannan,
yatsunta ne suka cinye su.
Har yau in na zauna, ramukan nan nake lalube,
kuma hannuna ya fi su girma.

Sannan ga kafaɗa.
Wanda ya wuni yana miƙa hannu cikin tanderu
zai dawo gida kuma ya miƙa shi ga allo?
Gocha ya ce ai akwai linzami, in na gaji da taɓawa.
To me na saya ke nan?
Doki na biya, zan riƙa tafiya a ƙasa ina jan sa?

Duk wannan na sani.
Amma ran Lahadi 'yata Lamara takan kira daga Atina,
inda take jinyar tsohuwar wasu.
A wayata fuskarta ba ta fi ƙwayar goro ba,
ɗanta kuwa sai dai in ji muryarsa yana wucewa.
Jiya Gocha ya nuna mini da hoton wata baƙuwa:
ya ɗora yatsu biyu, ya ware su,
fuskar ta taso har ta kai girman fuska.
Na ga gashin ido. Na ga tabo a haɓa.
Ban ce masa komai ba, na nemi kujera.

Yau na wanke hannu sau biyu kafin in fito.
Duk da haka da na taɓa gilashin
sai ga farin zanen babban yatsana,
gari ya fito daga inda sabulu bai kai ba.
Gocha ya ɗauko ƙyalle.
Na ce ya dakata tukuna.

Mun tsaya mu biyu muna kallon shaidar.
Ya ce ragin zai ƙare ranar Asabar.
Na ce garin alkama ma zai tashi ranar Litinin.

Na fito ana yayyafi.
A aljihu akwai takardar farashi, ninki huɗu,
da ɓawon burodin da na manta ban ba shi ba.
Lahadi saura kwana uku.