Giram Casa'in

Tbilisi, ƙarfe uku na dare.
Otar mai gashin burodi
ya ɗora 'yar kyanwa a sikelin fulawa:
giram casa'in, har da igiyar cibiya.

Mota ta take uwar tun la'asar.

Ya naɗe ta cikin safarsa,
gefen tanderu, inda zafi ke komawa ɗumi.
Madara a sirinji, ɗigo,
ya jira,
ɗigo.
Da jiƙaƙƙiyar auduga yake shafa cikinta,
aron harshen da babu shi.

Burodi biyu suka ƙone.
Matarsa Tsiala ta ce, kada ka raɗa suna tukuna.

Asuba ta uku, allurar sikeli ta ɗan gusa.
Bai gaya wa kowa ba.
Ido a rufe, tana laluben babban yatsansa.